Jiniyar da Ta Watsa Layin Zaɓe

Yayana mai gadin ƙofar ruwa ne. A unguwarmu babu mai kiransa da sunan yanka, manya da yara Baba Jiniya suke ce masa. Ni kaɗai nake ce masa Yaya, don cikinmu ɗaya, kuma gida ɗaya muke zaune, gidan da mahaifinmu ya gina, ɗakinsa na kallon nawa. Matarsa ta rasu da jimawa, 'yarsa ɗaya tana aure a can ɗaya gefen birni, ni ma nawa mijin ƙasa ta rufe masa ido. Mu biyu muka rage, muna faɗa a kan wanda ya bar famfo a buɗe.

Bari in yi muku bayanin aikinsa, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane abin da ya same mu ba. Birninmu a kan tudu yake, mu kuma muna gindinsa. Duk ruwan da sama ta zubar a unguwannin manya gangarowa yake yi ya taru a wani ƙaton tafki na siminti da ke bayan tashar mota. A bakin tafkin akwai ƙyauren ƙarfe, da ɗan ɗaki mai taga ɗaya, da wani dogon ƙarfe a tsaye cikin ruwa da aka shafa wa jan fenti a kusa da kansa. In ruwa ya kai jan fentin nan dole a buɗe ƙyaure, in ba haka ba bangon tafkin ya fashe ya tafi da tasha da gada da duk wanda ke kai. In kuma aka buɗe, sai ruwan ya bi tsohon lambatun da ya ratsa unguwarmu, wanda shara ta toshe tun ina budurwa, ya tumbatsa ya shigo mana ɗakuna. Shi ya sa kafin Yaya ya taɓa ƙyauren sai ya murza jiniya, ya ba mu ɗan lokaci mu ɗauke kaya.

Mu kuwa mun haddace ta kamar karatu. Jiniya na tashi, mai wanka zai fito da kumfa a kunne, mai faɗa da miji ta ajiye faɗan sai an jima. Katifa ta hau tebur, buhun abinci ya hau katifa, yara su hau buhu. Ni ɗinki nake yi, keken ɗinkin nan shi ne gonata, kuma ƙarfe ne mai nauyin tsiya, amma in jiniya ta yi kuka ni kaɗai nake cicciɓarsa in ɗora a kan benci. Gobe in ka ce in ɗaga shi, wallahi ba zan iya ba.

Yaya tun yana saurayi yake wannan aiki. Mutum ne marar surutu, hannunsa kullum da baƙin man inji, kuma in kana masa magana rabin hankalinsa yana sama yana duba hadari. Ranar auren 'yarsa ma tsakiyar taro ya zame ya tafi, don gabas ta yi baƙi. Mutanen unguwa sun iya zaginsa in ruwa ya shigo, sun iya ce masa ya jiƙa musu gado, amma zagin fatar baki ne, don sun san ɗakinsa ma ruwan bai tsallake shi ba. Yana rufe ƙyaure zai dawo da bokiti, ya fara da gidajen tsofaffi, nasa ɗakin sai ƙarshe. Amininsa Mai Aski, wanda shagonsa ke bakin lungunmu, yakan ce Yaya ne kaɗai mutumin da zai mare ka ya kuma taya ka kuka.

To, da zaɓen magajin gari ya matso, sai lambatunmu ya yi farin jini. Magajin gari mai ci, wanda muke kira Mai Almakashi saboda kullum yana talabijin yana yanke kirtanin buɗe wani abu, ya ce a ƙara masa zango zai yashe shi. Haka ya ce a zangon farko. Mai karawa da shi mace ce, Lauya, wadda ta yi suna wajen tsaya wa 'yan haya a kotu. Ita ta ce za ta faɗaɗa lambatun, ta sa wa masu gidajen haya linzami, ta kuma ƙaro manyan motocin bas zuwa sababbin unguwannin bayan gari.

Kowa ya san inda ke masa ƙaiƙayi. Gwaggo mai gidajen haya ta ce matar da za ta koya mata yadda za ta yi da ɗakunan da ta gina da guminta ba a haife ta ba tukuna. Direbobin ƙananan motoci suka ce bas ɗin Lauya zai kashe musu kasuwa. Masu shaguna a bakin lambatu suka ce faɗaɗawa ai rusau ne aka sa wa kwalliya. Amma yawancinmu mun gaji da kwana a kan tebur, Lauya muke yi ba ɓoyo. Shugaban matasanta a unguwa wani Mai Walda ne, yaro mai zuciya a kusa, wanda ruwa ya taɓa lalata masa injin aiki. Shi kuwa Yaya ko ni bai gaya wa wanda zai zaɓa ba. In na matsa masa sai ya ce ma'aikacin hukuma jam'iyyarsa a ciki take zama.

Ana cikin haka Mai Almakashi ya kai ziyara bakin tafki, da jerin motoci da masu ɗaukar hoto. Ya kama hannun Yaya ya riƙe gam, Yaya kuma ya yi murmushi, don me mutum zai yi in babba ya kama masa hannu? Ba a jima ba sai ga hoton a kowane bango, Yaya da haƙoransa waje kusa da magajin gari. Mai Aski ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ashe da ɗan fim nake zaune ban sani ba!" Yaya ya ji kunya sosai. Ya bi na lungunmu ya ɓamɓare, amma birni guda wa zai iya ɓamɓarewa?

Ranar zaɓe da hadari muka tashi. Yaya ya sa rigar ruwansa ya fita tun ban gama shan shayi ba, ya ce in sama ta yi sauƙi zai leƙo ya kaɗa tasa ƙuri'ar. Rumfar zaɓenmu a makarantar firamare take, kuma ban taɓa ganin layi irin na ranar ba. Ya fito daga aji, ya ratsa fili, ya zagaye katanga. Tsofaffi da kujerunsu, mata da goyo, har wani gurgu da aka turo a baro. A wajenmu yayyafi kawai ake yi, amma in ka ɗaga kai ka dubi tudu, baƙi ƙirin.

Rana ba ta kai tsaka ba jiniya ta tashi.

Jama'a, ƙafa me na ci ban ba ki ba! Ba wanda ya tsaya shawara, ƙafafunmu ne suka yi mana. Kafin ka ce kwabo filin nan babu kowa sai takalma da kujeru a kife. Malaman zaɓe, da yake baƙi ne, suka ga kowa na gudu, suka ɗora akwatuna a kan kabad suka kulle aji. Ni ma na isa gida ina haki, na ɗaga keke, na naɗe katifata da ta Yaya, na hau tebur na zauna ina jiran ruwa.

Muka yi ta jira, shiru. Na leƙa lambatu, ya ɗan taso amma bai ko kai baki ba. Yayyafin ya ɗauke, har rana ta leƙo. Duk da haka ba wanda ya sauko, don tun da muke jiniyar nan ba ta taɓa yi mana ƙarya ba, kowa cewa yake yanzu zai zo. Sai da la'asar ta kawo kai mutane suka fara fitowa ɗaya-ɗaya suna kallon juna. Masu ƙarfi muka ruga makaranta muka tarar ana shirin rufewa. Ni na samu na kaɗa da ƙyar. Tsofaffin nan da masu goyo yawancinsu ba su dawo ba, gurgun ma ba wanda ya sake turo shi.

A bakin makarantar na fara jin maganar. Mai Walda ne a kan dakali, jijiyar wuyansa ta fito, yana cewa, "Ina ruwan? Ku nuna mini ruwan! Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da aka manna hotonsa da Almakashi shi ne ya watsa mana layi, sannan ku ce tsautsayi ne?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, wata maƙwabciyata ta ja mini gyale ta ce in rufa wa kaina asiri in tafi gida.

Da Yaya ya dawo da yamma, tun daga bakin lungu ya san akwai magana, don ya yi sallama sau uku ba wanda ya amsa. Ya shigo ya zauna da rigar ruwan a jikinsa. Na ce, "Yaya, don girman Allah me ya faru?"

Ya ce an yi ruwa a tudu kamar da bakin ƙwarya, tafki ya cika har ya taɓa jan fenti. Ya kira Injiniya, shugabansa a wajen aiki, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya kira mataimakin Injiniyan, shi kuma ya ce yau ranar zaɓe ce, kada a sa bakinsa a ciki, ya yi abin da doka ta ce. Doka kuwa ta ce jiniya tukuna, sannan ƙyaure. Ya murza jiniya, ya kama ƙarfen buɗewa, sai ya ga ruwan ya tsaya cak yana lasar fentin, bai ƙaru ba. An ɗauke a tudu. Ya ce a ransa bari ya ɗan jinkirta ko Allah zai sa a tsira, kuma aka tsira, ruwan ya dinga sauka a hankali.

"To me ya hana ka gaya mana mu koma?"

"Da me zan gaya muku? Jiniya murya ɗaya gare ta, ku gudu. Ba a yi mata ta ku dawo ba. Ni kuma ba zan bar wurin ba alhali hadari bai watse ba. Na kira ki ba ki ɗauka ba."

Wayata tana cikin katifar da na naɗe. Ya ce da bai same ni ba sai ya kira Mai Aski, ya ce masa ya bi lungu-lungu ya gaya wa mutane ruwa ya tsaya, su koma layi, Mai Aski kuma ya ce to. Sai hankalina ya ɗan kwanta, na ce ai shi ke nan, muna da shaida. Yaya ya cire takalminsa ya zazzage, ya ce, "Kin san abin da ya fi ba ni mamaki? Da na buɗe na jiƙa musu kaya, da yanzu ba mai zargina."

Washegari ranar sakamako ce. Da safe na je shagon Mai Aski na ce ya fito ya gaya wa mutane Yaya ya kira shi. Yana share gashi a ƙasa, bai ɗago ba. Ya ce ya gaya wa mutum biyu-uku jiya ba su yarda ba, kuma yanzu ƙura ta yi yawa, in bari ta lafa. Na ce, "Ta lafa a kan wa? Kai da Yaya tun kuna wasan ƙasa kuke tare!" Ya ce, "Ƙanwata, ina da iyali." Na yi tsaki na fito, don in na tsaya abin da zan faɗa ba zai yi daɗin ji ba.

Kafin in kai ƙofa magana ta riga ni. Matasa sun rantse, in Lauya ta faɗi, Baba Jiniya ba zai sake kwana a unguwar nan ba, gidan ma ba za a bar shi a tsaye ba. Na ce wa Yaya mu tafi wajen 'yarsa tun hanya na buɗe. Ya ce in ya gudu ya amsa laifi ke nan, ni in tafi. Na ce in tafi in bar wa wa kekena? Ƙarya nake, ba keken ba ne. Muka sa sakata, muka jingina tebur a bayan ƙofa.

Wajen hantsi wata motar ɗaukar kaya ta tsaya a bakin lungu, ta sauke samari da ban taɓa gani ba, 'yan jam'iyyar Lauya daga wasu unguwanni, wasu da sanduna, ɗaya da jarka. Ni ina leƙe ta ramin makulli, Yaya kuma ya taka kujera yana kallo ta tsagar da ke saman ƙofa. Mutanen unguwa sun cika gaban shagon aski, don a nan aka ajiye babbar rediyo. Wani dogo mai jan ƙyalle a ka ya ɗaga murya ya ce, "Wanne ne gidan tsohon?"

Ba wanda ya nuna. Ƙofofin lungunmu duk iri ɗaya ne, baƙo ba zai bambance ba. Gwaggo mai gidajen haya ta kau da kai. Mai Walda ma, duk da zafin kansa, ƙasa ya kalla. Dogon ya sake tambaya, ya taka ya tsaya a ƙofar shagon Mai Aski, ya ɗora sandarsa a kan madubi a hankali. Sai na ga hannun Mai Aski ya ɗago da matajin da ke riƙe a ciki, ya nuna ƙofarmu, ya sauke da sauri. Da ɗan gari akan ci gari.

Na ɗaga kai na dubi Yaya ko Allah ya sa bai gani ba. Ya gani. Ya sauko daga kujerar kamar wanda ya yi wata yana jinya, ya zauna a bakin gado.

Suka zo suka dire jarkar a kan dakalinmu. Warin fetur ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Gidanmu ba shi da ƙofar baya, bayansa lambatu ne. Na ji Mai Walda yana cewa a dakata, ba a faɗi sakamako ba tukuna, in ta faɗi shi da kansa zai ƙyasta ashana. Wai shi ne mai sauƙin cikinsu ke nan. Na kira 'yan sanda, aka ce duk motoci suna wajen tattara sakamako, in kulle ƙofa in yi haƙuri. Na kira Injiniya, wayarsa a kashe. 'Yar Yaya ta kira tana kuka, ya karɓa ya ce mata lafiya lau muke, shayi ma muke sha.

Aka ƙure rediyo, muna ji daga ɗaki kamar a kanmu take. Unguwannin tudu aka fara karantowa, duk Mai Almakashi ya kwashe, don su titinsu a share yake, ruwa kuma wucewa yake yi ta ƙofarsu ya zo mana. Duk mazaɓar da aka faɗa sai wani ya doki ƙofarmu da sanda. Aka zo tsakiyar birni, wajen 'yan haya da ɗalibai, Lauya ta taso, aka yi ihu, dukan ya tsaya. Aka zo unguwar direbobi, ta sake komawa baya, dukan ya dawo. Ni dai bakina bai huta da addu'a ba, kuma ban taɓa roƙa wa wani ɗan siyasa nasara kamar yadda na roƙa wa matar nan ba, alhali ko sunanmu ba ta sani ba.

Sai aka kira mazaɓarmu. Lauya ce ta ci, amma mai karantawa ya ƙara da cewa a nan aka fi ƙarancin fitowa a duk birnin. Wayyo Allah! Lungun ya ɗauka da zagi. Dutse ya fasa mana gilashin taga, wani ya faɗo kan kwanon rufi ya gangara. Na ji muryoyin da na sani, matar da na ɗinka wa kayan haihuwa, yaron da Yaya ya taɓa goyawa ya tsallaka da shi ruwa. Wani yana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ji an kwance murfin jarka.

Yaya ya miƙe ya nufi ƙofa. Na riƙe masa riga da hannu biyu, na ce, "Wallahi sai dai ka taka ni." Ya ce gara ya fita su yi abin da za su yi da shi a waje, da a ƙona ni a ciki. Na ce in ya buɗe ƙofar nan ban yafe ba duniya da lahira. Muna wannan kokawa sai rediyo ta ce saura sababbin unguwannin bayan gari, kuma Mai Almakashi ne a gaba da 'yar tazara.

Mutanen bayan garin nan ba wanda ya san inda suka dosa. Haya ce ta kore su daga cikin birni, suka koma can inda mutum zai fito da asuba ya tsaya bakin titi yana kokawar mota. Wasu sun ce za su rama a kan magajin gari, wasu sun ce ya kai musu wutar lantarki ana gobe kamfe, sun yafe. Su ba su san lambatunmu ba, ba su san akwai wani tsoho mai jiniya ba, amma ga shi ran Yaya yana hannunsu. Aka ce ana jiran akwatunansu, aka sa kiɗa. Ban taɓa tsanar kiɗa kamar na ranar ba. Waje ya yi shiru, har ina jin wani yana karkaɗa kwalin ashana a bakin ƙofa. Yaya ya zame ya zauna a ƙasa ya jingina da tebur, ni ma na zauna kusa da shi, ban saki rigar ba.

Rana ta karkata sosai kafin kiɗan ya yanke. Shugaban hukumar zaɓe ya yi gyaran murya, ya yi ta godiya ga wannan da wancan har na ji kamar in shiga rediyon in shaƙe shi. Sannan ya karanto. Bayan gari sun bi Lauya. Ta ci, da tazarar da in ka tara mutanen ba za su cika filin makarantarmu ba.

Ihun da aka yi sai da kwanon rufi ya amsa. Sanduna suka koma na rawa, aka hau bugun bokitai, aka kwasa da gudu zuwa babban titi. Cikin ɗan lokaci lungun ya zama wayam. Can sai na ji takun mutum ɗaya ya dawo. Na leƙa, ashe mai jarkar ne, ya zo ɗaukar fetur ɗinsa zai zuba a babur su shiga zagayen murna. Har da waƙa yake yi. Ni kuwa na fashe da kuka, ina yi ina dariya kamar taɓaɓɓiya. Yaya ya tashi ya ɗauko tsintsiya ya fara share gilashi.

Da gari ya waye sai ka rantse mafarki na yi. Matar da ta zage mu ta ce mini ina kwana, ya gajiyar zaɓe. Mai Walda ya wuce ya ɗaga wa Yaya hannu, ya ce, "Baba, an yi nasara, a yafi juna," bai ko rage tafiya ba. A rediyo masana suna ta bayani, wai haya da motar bas da ambaliya su suka kayar da Mai Almakashi. Ba wanda ya ambaci ƙofarmu.

Da hantsi Mai Aski ya yi sallama da 'yar jakarsa. Ranar da yake zuwa yi wa Yaya gyaran fuska ce, a tsakar gida, suna yi suna gulmar duniya. Na so in kore shi da muciya, Yaya ya yi mini ido. Ya shigo yana ta surutu, wai an sha da ƙyar, wai shi tun farko ya san za ta ci. Yaya ya zauna a kujera, aka yafa masa ƙyalle, aka shafa kumfa. Mai Aski ya buɗe aska, ya sa yatsa ya ɗaga masa haɓa. Sai Yaya ya kama wuyan hannunsa, ba da ƙarfi ba, ya sauke shi ƙasa.

"Bar shi," in ji shi.

"Haba, Jiniya, madubina ya ɗora wa sanda. Ka san ba da son raina ba."

"Na sani. Ban ce ka yi don mugunta ba. Wuyan ne ya ƙi yarda da askarka."

Yaya ya goge kumfar da ƙyallen ya miƙa masa. Mai Aski ya tattara kayansa ya fita, ya manta burushi a kan kujera.

Da azahar na ga Yaya ya aro baro, yana ɗaure katifarsa da igiya. Ya ɗora risho, da butarsa, da hoton matarsa. Ya ce ɗakin bakin tafki zai ishe shi, dama rabin rayuwarsa a can yake yi, kuma in ina so in zo in dinga duba shi, in kuma jiniya ta tashi in gudu kamar kullum, don ba zai fasa murza musu ita ba. Raina ya ɓaci, na tare ƙofa. Na ce gidan ubanmu ne, a ɗakin can aka haife shi, don me zai bar wa matsorata unguwa?

"Yaya, ta ci fa. Komai ya wuce, kowa na gaishe ka."

"Ta ci," in ji shi. "Da ta faɗi fa?"

Na matsa gefe, ya tura baron ya fita. Lungun cike yake da mutane, suna zaune a dakalinsu suna hirar sabuwar magajiyar gari. Suka bi shi da sannu Baba, sannu Baba, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai bakin titi. Duk sun ga katifar, amma ba wanda ya tambaye shi ina za shi.